Kofin da Na Riƙe na Minti Goma

Tun da na yi ritaya abubuwa suka fara zame mini a ka, har lambar wayata wani lokaci sai na tsaya na yi tunani. Amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, bayan la'asar, ranar da na tsaya gaban mutum fiye da sittin da makirufo a hannu na karanta wa kaina hukunci da bakina. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na ɗauko kwamfutar, ni na buɗe ta, ni kuma na roƙi jama'a su yi shiru don kowa ya ji da kyau.

Bari in faro daga tushe. Shekara talatin da biyar na yi ina aiki a sashen tsare-tsare da ƙididdiga, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to lissafi ne. A ofis, idan takarda ta bi ta teburina ta fita lafiya, ba mai sake duba ta. (Matata, Maman Ummi, takan ce ko miya aka ajiye mini sai na ƙirga naman ciki kafin in sa hannu. Tana ƙari, amma ba sosai ba.) Da na ajiye aiki sai na koma zaman gida a Gwallameji, daga kujera zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kujera, har likita ya gwada jinina ya ce ko dai in fara tafiya da ƙafa, ko kuma in fara shan magani har abada.

Abokina Alhaji Gidado, wanda shi ne kyaftin ɗin kulob ɗin golf na garinmu, shi ya ja ni. Ya ce, "Tafiyar ce dai da likita ya ce ka yi. Bambancin kawai kana tafe kana dukan ƙwallo."

Ya faɗe shi kamar abu mai sauƙi. Ƙwallon ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwan zabo ba, yana zaune wuri ɗaya, ba ya gudu, ba kuma mai ƙwace maka shi. Amma sai in ɗaga sanda in kawo duka da iyakacin ƙarfina, ƙasa ta tashi, ciyawa ta tashi, shi kuwa yana nan inda na bar shi yana kallona. Watan farko na haƙa ramukan da suka fi na filin yawa.

Ga wanda bai san wasan ba, abin haka yake. Ramuka goma sha takwas ne, kuma wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Gwani yakan gama da bugu saba'in da 'yan kai, irina kuwa ɗari da 'yan kai. Don kada gwanaye su riƙa cinye komai su bar mu da yawo, sai aka ƙirƙiro abin da ake kira handikaf, wato wasu bugu da ake yafe maka gwargwadon rashin iyawarka. In naka ashirin ne ka yi bugu casa'in da biyar, sai a cire ashirin a rubuta maka saba'in da biyar. (Nan ne kaɗai wurin da na sani ake yi wa mutum rangwame saboda bai iya ba, shi ya sa tun ranar farko na ji wasan ya kwanta mini.)

A da, lamba ɗaya kowa yake da ita, yana yawo da ita duk inda ya je kamar katin shaida. Sai aka zo da sabon tsari. Aka ce ai filaye ba ɗaya ba ne, wani mai tudu da kwari, wani shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, don haka dole lambar mutum ta hau a fili mai wuya, ta sauka a mai sauƙi. Bayan wannan kuma kowace irin gasa tana da nata kason da take ragewa. Masu auna fili suka zo suka yi kwana biyu suna zagaya namu, suka bar mana takardu cike da alƙaluma. A taron kulob aka miƙa takardun daga hannu zuwa hannu, kowa ya duba ya miƙa gaba kamar an ba shi garwashi. Daga ƙarshe duk ido ya dawo kaina. Na yi ɗan jan aji na minti ɗaya, sannan na karɓa. Daga ranar na zama Sakataren Handikaf, kuma wallahi ko ranar da aka ba ni darakta ban ji daɗi haka ba.

To amma akwai abin da ke cina. A bangon ɗakin taron kulob akwai wani allon katako da ake rubuta sunan duk wanda ya ci Kofin Kyaftin, shekara bayan shekara. Kullum na shiga sai na tsaya na karanta. Na ƙudura a raina cewa ko da sau ɗaya ne, sai sunana ya hau allon nan kafin gwiwoyina su ƙi.

Ina da 'yar gona a Tirwun. Da aka gama girbi, sai na mai da ta filin horo. Kullum bayan sallar asuba zan zuba tsofaffin ƙwallaye hamsin a bokiti, in kama hanya. In buga su duka zuwa wancan ƙarshen gonar, in bi in tsince su ɗaya bayan ɗaya cikin karan dawa, in sake bugo su. Masu babura da ke wucewa kasuwa sukan rage gudu su kalle ni. Wata rana wani dattijo maƙwabcin gonata ya jingina da fartanyarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, in gafiya ce ke damunka, ai akwai tarko." Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya tafi.

Wata huɗu na yi a haka. Tafin hannuna ya yi kanta, kafaɗata ta riƙa ƙara kamar tsohuwar ƙofa, Maman Ummi ta gaji da dafa ruwan gashi. Amma ƙwallo ya fara jin magana. Lambata ta sauko daga ashirin da takwas zuwa ashirin da uku.

Saura wata ɗaya gasar Kofin Kyaftin, mu goma sha biyu muka je wasan sada zumunci Jos. A nan na fara gwada sabon tsarin. Na zauna na tsara jadawali a kwamfuta, kowane ɗan wasa da layinsa: sunansa, lambarsa, filin da za a yi wasa, sai abin da za a yafe masa ya fito da kansa a ƙarshe. Sunana na sa a layin farko. (Na gaya wa mutane don gwaji ne. Gaskiyar magana, ina son ganinsa a can ne.) Filin Jos kuwa ba wasa: tudu, duwatsu, iska, ga tsawo. Ashirin da uku ɗina ta koma ashirin da shida, kuma ko haka ba ta ishe ni ba. Wadda aka haɗa ni da ita, mai rubuta mini katin ƙidayar bugu, wata tsohuwar shugabar makarantar sakandare ce, Madam Rifkatu, doguwa, mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Na zubar da ƙwallo takwas a ranar. Duk wanda ya ɓace sai ta ce, "Sannu," ta rubuta.

Sai ga tamu gasar ta zo, muka gayyaci mutanen Jos su rama ziyara. 'Yan wasa arba'in da huɗu. Ranar Alhamis da hantsi na buɗe jadawalin nan na Jos, na ƙara sunaye, na canza fili zuwa namu na Bauchi, na ja canjin tun daga sama har ƙasa. Abin da ban lura ba shi ne daga layi na biyu na fara ja. Layin farko yana nan yadda yake, yana can Jos abinsa.

Ranar Juma'a da yamma na liƙa takardar a allon sanarwa, nan take aka yi mata rumfa. Kowa lambarsa ta sauka, kuma ba wanda ya ji daɗi.

Alhaji Gidado ya fara. "Sakatare, shekara shida ina sha huɗu. Yau na ga sha biyu. Ina biyun suka shiga?"

Na gyara tsayuwa na yi masa bayani kamar ina gaban kwamishina. Filinmu shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba tafki, in ban da bishiyoyin darbejiya da 'yan tururuwa ba abin da ke tare mutum, don haka bugu ɗaya ya tafi. Gasar kuma ta kowa da kansa ce, tana cire biyar cikin ɗari, ga na biyun. Wani lauya ya ce zai rubuto ƙorafi. Na ce ya rubuto, alƙaluma za su ba shi amsa.

A gefe akwai Baba Iliya, tsohon makanikin jirgin ƙasa, mai shekara saba'in da ɗaya, wanda sandunansa sun girmi wasu 'yan kulob ɗin. Tasa ta sauka daga sha takwas zuwa sha shida. Ya matso da fuskarsa dab da takardar, ya bi ta da yatsa, ya ce, "To, in lissafi ya ce haka, haka ne." Yatsan ya ci gaba da hawa har ya kai layin farko, ya tsaya. "Kai kuma, Sakatare, taka hawa ta yi."

A nan ne ya kamata labarin nan ya ƙare. Kwamfutar tana cikin but ɗin motata, taku ashirin daga inda nake tsaye. Minti biyu sun isa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji wani abu ya ɗan tsikare ni a ƙirji. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai sabon tsarin yana tausaya wa masu manyan lambobi." A take na ƙirƙiro wannan bayanin, kuma da na ji yadda ya fito sumul, sai ni ma na yarda da shi. Na ce wa zuciyata ai kwamfuta ba ta san ni ba, balle ta yi mini alfarma.

Ranar Asabar aka haɗa ni rukuni ɗaya da Baba Iliya, shi ke rubuta katina, ni ina rubuta nasa. Ban taɓa yin wasa irin na ranar ba, kuma har yau ban sake ba. A rami na bakwai akwai wata darbejiya da ta saba haɗiye mini ƙwallo duk mako. Ranar sai ga shi ya bi ta samanta ya sauka tsakiyar fili. A na goma sha ɗaya na jefa shi rami daga nisan da ko a mafarki ban taɓa gwadawa ba. Da na fara gaggawa wajen na sha biyar, Baba Iliya ya matso ya ce a hankali, "Kada ka ɗaga kai. Ka bar shi ya tafi, ni zan duba maka inda ya faɗa." Haka ya yi ta yi mini har muka gama.

Muka zauna ƙarƙashin bishiya muka tattara. Ni casa'in da biyar, a cire ashirin da shida, saura sittin da tara. Shi tamanin da bakwai, a cire sha shida, saba'in da ɗaya. Sauran rukunoni suka yi ta shigowa, ba wanda ya kama mu. Baba Iliya ya cire hularsa ya share zufa, ya miƙo mini hannu.

"Shekara ashirin da biyu ina bin kofin nan," in ji shi. "Yau da na zo kusa, sai ga ka. Allah ya sanya alheri, ka yi wasa."

Na ce masa badi nasa ne in sha Allahu, har da dafa masa kafaɗa.

Daga nan na koma gefe na kira gida. Na ce wa Maman Ummi ta bar duk abin da take yi ta zo, za a ba da kyauta bayan la'asar. Na ƙara da cewa ta biya ta ɗauko yayanta, Yaya Sani, wanda tun da na fara golf yake kiransa wasan waɗanda suka rasa abin yi. (Shi na fi so ya zo, fiye da ita ma.) Kafin a idar da salla sai ga su a keke biyu, ita da shi da maƙwabtanmu mata biyu, da katuwar kula cike da masa, ta sha sabon leshinta na biki.

Aka jera kujeru ƙarƙashin rumfa, aka tada janareta. Alhaji Gidado ya kira na uku, aka tafa. Ya kira Baba Iliya na biyu, aka tafa sosai. Sannan ya ce, "Na ɗaya, da bugu casa'in da biyar, handikaf ashirin da shida, sakamako sittin da tara, Sakatarenmu." Na tashi na tafi a hankali don masu ɗaukar hoto su samu. Kofin ya fi yadda nake zato nauyi. Ɗaya daga cikin maƙwabtanmu ta rangaɗa guɗa, abin da ban jin an taɓa yi a kulob ɗin.

Da na ce na gode na koma na zauna, wataƙila da sai a ofis za a gano, a kira ni gefe a gaya mini. Amma an ba ni makirufo, ga kuma mutanen da suka yi mini gunaguni jiya duk a zaune a gabana. Na ga dama ta samu.

Na ce wannan nasara ba tawa ba ce ni kaɗai, ta ilimi ce. Na ce sabon tsari ya zo da adalci, kuma adalci yakan yi ɗaci ga wanda ya saba da son kai. Na bi bayanin tudu da kwari da biyar cikin ɗari tun daga farko. Na ga Yaya Sani yana gyaɗa kai, sai na ƙara murya. Na ce, "Jama'a, ku riƙe wannan. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya sami lamba ɗaya a filin Jos da filin Bauchi. Duk wanda kuka ga haka a katinsa, to ko dai bai iya lissafi ba, ko kuma yana da wata manufa."

A layi na uku wani hannu ya tashi. Madam Rifkatu ce, ta ɗaga shi tsaf kamar yadda ta shekara talatin tana koya wa yara su yi.

"Oga Sakatare, yi haƙuri fa," ta ce da Hausarta ta mutanen Filato. "Wancan wata da ka zo wurinmu, ni ne na rubuta maka kati. Ashirin da shida ka yi wasa da shi. Yanzu kuma na ji Kyaftin ya karanta ashirin da shida. Ko kun kwaso tudunmu kun kawo nan ne?"

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. Alhaji Gidado, Allah ya saka masa, ya miƙo hannu zai karɓi makirufo. Ya ce, "Madam, mun gode, za mu duba a ofis."

Na riƙe makirufo gam. Na ce, "A'a, Kyaftin. A nan aka yi tambaya, a nan za a ba da amsa." Har lokacin, ku yarda da ni, ina da yaƙinin cewa ita ce ta manta. Na miƙa wa Maman Ummi kofin ta riƙe mini, na taka da kaina har mota, na ɗauko kwamfuta, na ɗora ta a teburin kyaututtuka. Na ce a rage surutu.

Na ce, "Zan karanta muku layi layi, don kowa ya ga ba a ɓoye komai ba. Madam Rifkatu, fili, Bauchi. Baba Iliya, fili, Bauchi. Alhaji Gidado, fili, Bauchi." Na ja zuwa sama, ina kallon jama'a ina murmushi. "Ga kuma nawa. Fili..."

Bakina ya riga ƙwaƙwalwata. Na ce, "Jos."

Lasifikokin nan biyu suka ɗauka suka kai har wajen ajiye motoci.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san na ji ƙarar janareta kamar a cikin kunnena take, na ji wani keke yana hon can bakin titi. Zufa ta taso daga ƙeyata ta bi ta tsakiyar bayana. Haruffa uku ne kacal a kan gilashin, na yi ta kallonsu ko za su canza. Maman Ummi tana riƙe da kofi a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun tana ɗaukar bidiyo. A hankali na ga wayar tana sauka har ta kai cinyarta. Yaya Sani ya yi gyaran murya.

Abu ɗaya na iya yi a ranar da ba na jin kunyar tunawa. Na sa yatsa na goge Jos na rubuta Bauchi, a gaban kowa. Ashirin da shida ta koma ashirin da ɗaya. Sittin da tara ta koma saba'in da huɗu. Na ɗaga makirufo, muryata kamar ta wanda ya kwana uku da mura, na ce, "Kuskure nawa ne. Ni ne na bakwai. Baba Iliya ne ya ci kofi."

Lauyan nan mai ƙorafi ya ce ai a da, wanda ya yi wasa da lambar da ta fi tasa korarsa ake yi daga gasar gaba ɗaya. Alhaji Gidado, yana ta ƙoƙarin rufa mini asiri, ya ce, "Wannan tsohuwar doka ce. A ta yanzu, in lamba ta fito ba daidai ba, laifin kwamiti ne, ba na ɗan wasa ba."

Daga can baya wani ya tambaya, da gaske kuma yake tambayar, "To waye kwamitin?"

Nan rumfar ta fashe. Manyan mutane, tsofaffin alƙalai da daraktoci, suna riƙe ciki suna share hawaye. Har Madam Rifkatu sai da ta cire gilashinta.

Na je wurin Maman Ummi in karɓi kofin. Ba ta sake shi nan da nan ba. Ta ce ƙasa ƙasa, "Baban Ummi, na fa riga na tura hoton a zauren dangi." Na ce ta saki. Ta saki.

Daga inda take zuwa kujerar Baba Iliya bai fi taku goma ba, amma ya fi mini ramuka goma sha takwas ɗin nisa. Na durƙusa a gabansa na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Baba, ka yafe ni. Jiya ka nuna mini, na ƙi dubawa."

Ya karɓa ya ɗora a cinyarsa, ya daɗe yana shafa shi da gefen hularsa. Sannan ya ɗago ya ce, "Tashi, Sakatare. Casa'in da biyar ɗin dai taka ce. Ni na rubuta ta da hannuna." Aka yi masa tafin da ya fi nawa sau uku, kuma maƙwabciyarmu, da ta ga dai an zo da guɗa kada ta lalace, ta sake rangaɗa masa ita. Masar Maman Ummi ma a bikinsa aka cinye ta, har ana tambayar ko da saura.

Muka kama hanyar gida a mota har muka wuce shataletale biyu. Sai Yaya Sani, yana kallon waje ta taga, ya ce, "Ni dai ban gane wasan ba. Amma na gane ƙarshen."

Hoton kuwa ya riga ya yi nisa. Kafin magariba ya kai Azare, ya kai Kaduna, ya kai wurin 'yarmu da ke karatu a Zariya. Kwana huɗu wayata tana ƙara da barka, kuma kowane mai kira sai na zauna na yi masa bayanin tudu da kwari kafin in kai ga cewa ban ci ba. Wani ƙanen mahaifina ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato ƙwace maka suka yi." Na ce a'a, ni na ƙwace, na mayar. Ya ce zai sa ni a addu'a.

Mako biyu ban leƙa kulob ba. Na rubuta takardar ajiye muƙami, shafi ɗaya da rabi, na aika. Ranar Lahadi da hantsi sai ga sallama a ƙofar gida, Alhaji Gidado ne da Baba Iliya. Aka kawo musu ruwa, aka gaisa, Alhaji Gidado ya zaro takardar daga aljihu ya ajiye mini a hannun kujera.

"Kwamiti ya zauna," in ji shi, "na gaske, mai mutum biyar. Mun ƙi karɓa. Duk kulob ɗin nan kai kaɗai muka tabbatar ba za ka sake wannan kuskuren ba. In muka ba wani, sai mun jira shi ma ya yi nasa."

Baba Iliya ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba. Akwai gasar 'yan bibbiyu wata mai zuwa, yana neman abokin wasa, kuma ya ji an ce ita ma da nata kason da take ragewa. Ya ce, "Ka zo ka lissafa mana. Amma taka lambar, Madam ta ce a turo mata ta waya ta gani tukuna."

Na koma. Muka zo na biyu a gasar, da lambobin da mutum uku suka duba. Har yau sunana bai hau allon katakon nan ba, kuma har yau ban fasa nema ba. Gwiwar hagu ce dai ta fara kawo nata ƙorafin.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. Na lura in kuskure zai cuce ni, daga nesa nake hango shi, ko ba gilashi. In kuwa zai amfane ni, sai ya zauna a kan hancina in yi ta nema masa hujja. Don haka yanzu duk lissafin da ya fito ya yi mini daɗi, sai in ajiye biro in nemi wanda abin zai ɓata wa rai ya duba mini. A kulob ɗinmu, alhamdu lillahi, ba a rasa masu sa kai.